Mujalla Mai Koren Bango

Doguwa, 4 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Rufaida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu yana tafiya daidai, kuma ruwan Ibadan ya karɓe ki. Mu nan sai godiyar Allah. Gwiwar nan tana nan yadda kika san ta, in na yi sujada sai na dafa bango kafin in miƙe. Bahijja maƙwabciyata, wadda take aiki a asibiti, ta auna jinina ta ce ya ɗan sauka. Ita ma cikinta ya tsufa, amma tana ƙoƙari. Ita za ta ɗauki hoton takardar nan ta turo miki ta waya, in kin ba da amsa ta buga min a takarda. Kin san ni da waya, da an fara magana mai nauyi sai in rikice, gara in zauna in rubuta.

Yaya Mujitaba ya ce ba zan ƙara yin damina ni kaɗai a gidan nan ba. Shekara uku ke nan da rasuwar Malam, Baffanki, katangar baya ta tsage, don haka zan koma wurinsa Bebeji kafin Babbar Sallah. Gwadabe direba ne zai shiga gidan da iyalinsa.

Wajen haɗa kaya na jawo akwatin katakon Malam daga ƙarƙashin gado, sai na tarar gara ta shiga ta ƙasa. Takardun karatunsa na zaure da littattafan da yake rubuta aikin gona, duk ta bi su. A ciki har da mujallar nan mai koren bango, wadda aka buga rubutunsa a kan ƙuduji, ciyawar nan mai shanye masara. Garar ta ci gefe guda da bangon baya, tsakiyar dai tana nan.

Ba a haife ki ba lokacin da ya yi aikin. Muna Dangora yana malamin gona, damina huɗu yana bin gonakin mutum shida da ƙuduji ya hana su cin masara. Bana waken soya, baɗi masara, yana tsugunne yana ƙirga ƙudujin da ya fito ɗaya bayan ɗaya. Ni nake ɗinka masa 'yan jakunkunan da yake zuba ƙasar kowace gona. Ranar da mujallar ta zo sai na ga ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Na ce, “Malam, yau fa Talata ce.” Ya ce, “Na sani. Sunana ne ya shiga littafi, ba zan tarye shi da rigar gona ba.”

Mahaifiyarki ta ce aikinki na makaranta shi ne tattara duk abin da aka rubuta a kan ƙuduji. To nasa yana wurinki? Ni ba na karanta Turanci, ban san ko akwai wata irinta a wani wuri ba. Kin san 'ya'ya biyu Allah Ya ba mu, Ya karɓi abinsa tun suna ƙanana. Rubutun nan shi ne abin da zan iya nunawa in ce ga abin da ya bari. In yana can a adane, hankalina zai kwanta.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Allah Ya yi miki albarka.

Innarki,
Zubaida

*

Ibadan, 13 ga Mayu

Inna,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, ina karantawa a motar makaranta har na wuce inda zan sauka. Ina lafiya, barkono ne dai ya yi yawa a abinci amma na saba. Allah Ya ƙara sauƙin gwiwa. Ki riƙa shan magani kullum, kada ki ce sai kin ji ciwo. Na ji daɗin komawarki Bebeji, dama zamanki ke kaɗai yana damun Babana.

Maganar aiki gaskiya ce, sai dai karatuna na harkar ɗakunan karatu ne, ba na noma ba. Ina nemo duk maƙalar da masana suka buga a kan ƙuduji a ƙasar nan cikin shekara arba'in, in ga a waɗanne mujallu suke, wacce ta ɗauki da yawa, wacce ta ɗauki kaɗan. Saboda Baffa na zaɓi ƙuduji. Ina tuna yadda yake tsayar da mu a gona ya tuge shi, ya nuna mana inda ya maƙale a saiwar masara yana shan ruwanta.

Ban kai ga tasa ba tukuna, ina kan manyan mujallu. Amma kada ki damu ko kaɗan. Abin da aka buga a mujalla ba ya ɓata. Ana buga ɗaruruwa a raba wa ɗakunan karatu, yanzu kuma kusan komai an ɗora shi a intanet. Ko gara ta cinye ta wurinki gaba ɗaya, zan nemo miki wata in buga miki da bango mai kyau. Sunan Baffa zai shiga kundina in sha Allah.

Ina sauri, gobe muna da jarrabawa. A gaida Bahijja, Allah Ya sauke ta lafiya.

'Yarki,
Rufaida

*

Ibadan, 8 ga Yuni

Inna,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ya haɗa kaya, ya gwiwa. Ni na yi mura kwana biyu, ta wuce. Ban ji daga gare ki ba, na san hidimar tashi ce.

Na gama lissafin farko. Na sami maƙala ɗari shida da goma sha huɗu. Da na jera su sai na ga abin da ake faɗa mana a aji da idona. Mujallu biyar kacal suka kwashe kashi ɗaya cikin uku. Kashi na biyu sai da na haɗa mujallu ashirin da bakwai kafin ya cika. Kashi na uku kuwa ya warwatsu a mujallu ɗari da talatin da ɗaya, yawancinsu ɗaya ɗaya suka ɗauka, wasu ma ba na noma ba ne. Kamar ranar karyar masara ne, Inna. Ga manyan tari a tsakiyar gona, kowa ya gan su. Ga 'yan ƙanana a gefe. Sannan ga kala, wadda sai an bi kunya kunya ana ɗaga kara.

Amfanin irin aikina shi ne a gaya wa ɗakin karatu mujallun da zai saya. Wurin ajiya kaɗan ne, to a sayi biyar ɗin nan, an sami abu mai yawa. Ba mai sayen mujalla saboda maƙala ɗaya. Shekara biyu ina koyon wannan, ban taɓa tsayawa na tambayi abin da yake faruwa da waɗanda aka ce kada a saya ba.

Na nemi sunan Baffa ta kowace fuska. Hayatu Wada, H. W. Dangora, Hayatu Dangora, har da kurakuran da mai buga rubutu zai iya yi. Babu. Na sauka ɗakin tsofaffin mujallu wurin wani dattijo Bayerabe da ya yi zaman Kano yana jin Hausa. Na kwatanta masa. Ya ce, “Ta ƙungiyar malaman gona ce ko? 'Yar Kano, irin waɗannan fitowa biyu suke yi ko uku, shugaba ya sauka, shi ke nan. Su buga ɗari biyu su raba a wurin taro, kowa ya sa a jaka ya tafi gida. Wa ya aiko mana?” Na ce ko a intanet? Ya yi dariya ya ce, “Wa zai ɗora? Aljani?”

Na yi gaggawar magana a takardata ta baya, ki yafe min. Ba mamaki ta wurinki ita kaɗai ta rage. Don Allah ki sa Bahijja ta ɗauki hoton kowane shafi, yadda take ɗaukar wasiƙunki, har da bango da shafin ciki inda aka rubuta shekara da lamba. Ko inda gara ta ci a ɗauka haka. Sannan ki karkaɗe ta ki sa a leda ki ɗaure, kada ki ba kowa aro. Da hoton kaɗai zan iya sa ta a lissafi, in kuma ɗora ta inda kowa zai gani.

'Yarki,
Rufaida

*

Bebeji, 24 ga Yuli

Rufaida,

Assalamu alaikum. Ina fatan murar ta tafi gaba ɗaya. Na iso Bebeji lafiya mako guda kafin Sallah. Yaya ya ba ni ɗakin da ke kallon gabas, matarsa Bushira tana kyautata min, ita ce za ta turo miki wannan. Gwiwa da sauƙi. Barci ne ba na samu sosai.

Takardarki ta takwas ga Yuni ba ta zo hannuna ba sai shekaranjiya. Bahijja ta tafi gidansu Kiru haihuwa a farkon Yuni, ta sami ɗa namiji, ba ta duba saƙo ba sai da ta gama wanka ta dawo. Ta buga ta ba Gwadabe ya kawo min. Na karanta, na tashi na yi alwala, na dawo na sake karantawa.

Rufaida, na binne ta.

Zan gaya miki yadda aka yi, ba don in wanke kaina ba. Kin san Malam ba ya fara rubutu sai ya sa Bismillah a sama da Larabci. Ko lissafin taki ne sai ya sa. A bangon mujallar ya rubuta, a kan shafin da sunansa yake ya rubuta, ya ƙara da addu'a ga iyayensa. Mu kuma yadda mahaifinmu ya koya mana a zaure, takardar da ke ɗauke da sunan Allah in ta lalace ba a jefar da ita, ba a barinta inda za a taka ko a ƙunshe ƙosai da ita. A naɗe ta a farin ƙyalle mai tsarki a binne inda ba a bi. Tun ina yarinya nake ganin yana yi.

Takardun zaure ban yi shakka a kansu ba, sun zama gari. Mujallar ce na ware. Kwana biyu tana kan tabarmar sallata. In na ɗaga sai in ga gara tana fitowa daga ɗinkin tsakiya, na shanya a rana ba ta bar ta ba. Na ji tsoron in kai wa Yaya gara ɗakin littattafansa. Na kuma ji tsoron in mutu a gidan mutane, a share ɗaki a zuba ta a bola da sunan Allah a kai. Sai na ɗauko takardarki ta Mayu na duba wurin da kika ce ba ya ɓata, ko an cinye gaba ɗaya za ki nemo wata. Ni a sanina littafi haka yake. Waɗanda muka karanta a zaure, in na wani ya yage na maƙwabci yana nan, kowane gari akwai mai shi. Na ɗauka mujalla ma haka take.

Ranar Litinin da hantsi, kwana biyu kafin in tashi, na haƙa rami a bayan gida a gindin ɗinya, da hannuna da 'yar fartanya. Na naɗe su duka a sabon farin yadi. Matar Gwadabe ta leƙo ta katanga ta ce, “Inna, me ake shukawa?” Na ce ba shuka ba ce, kada dai a bar awaki su zo nan. Na mayar da ƙasa na ɗora dutse.

Yanzu na lissafa, ranar nan takardarki ta yi kwana goma sha ɗaya tana zaune a wayar Bahijja.

Ban ga laifinki ba. Ke kin faɗi abin da kika sani ne, ni ce ban jira ba. Baffanki ya taɓa ce min mujallar guda biyu aka ba shi, ya ba Malam Zakari abokin aikinsa na Tudun Wada ɗaya. Ko za ki bincika can?

Innarki,
Zubaida

*

Ibadan, 7 ga Agusta

Inna,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ki daure ki riƙa barci, kada jinin ya sake hawa. A gaida Baba Mujitaba da Inna Bushira.

Na karanta takardarki. Ni na rubuta miki cewa abin da aka buga ba ya ɓata, ina sauri, ban bincika ba. Da ranar da dattijon nan ya yi min magana na ɗaga waya na kira ki, da an wuce wurin. Na ga kamar ba abin gaggawa ba ne, tunda ta yi shekara ashirin da wani abu a akwati.

Ga abin da na yi. Na rubuta wa ɗakunan karatu huɗu a Arewa. Biyu sun amsa, ba su da ita, ba su ma taɓa jin sunanta ba. Biyu shiru. Babana ya samo min lambar ɗan Malam Zakari. Mahaifinsa ya rasu shekara shida da suka wuce. Na tambaye shi takardunsa, ya ce, “Wallahi Anti, buhu biyu ne, sun tare mana ɗaki, mai tsiren bakin tasha ya kwashe.” Na ce babu ko ɗaya da ta rage? Ya ce sai satifiket, shi suka sa a gilashi.

Na je wurin malamar da take duba aikina na ba ta labari. Ta tausaya, amma ta ce ƙa'ida ɗaya ce ga kowa. Sai da cikakken sunan maƙalar, da shekara, da lambar fitowa, da shafin da ta fara da wanda ta ƙare, kuma sai na gani da idona ko na ga hotonta. Tsakiyar Oktoba zan miƙa kundi.

Saura hanya ɗaya, kuma ina jin nauyin faɗa. Ya halatta a tono? Ban san hukuncinsa ba, ke kika sani. Wata biyu bai cika ba. Takardar mujalla tana da kauri, in tana tsakiyar ƙunshin ba mamaki ruwa bai kai gare ta ba. Ko shafi ɗaya aka samu mai shekara da lamba, ya isa.

'Yarki,
Rufaida

*

Bebeji, 11 ga Satumba

'Yata Rufaida,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya. Ki yi haƙuri da jinkiri. Zazzaɓi ya kwantar da ni mako biyu, Yaya ya hana ni tafiya sai na warware. Yanzu alhamdu lillahi, sai rashin ƙarfi.

Na tambaye shi hukuncin. Ya ce ba gawa ba ce, in da buƙata a tono, a dai yi da alwala, a mayar da abin da ya rage yadda aka same shi. Ranar Asabar na hau mota, Kwanar Dangora, Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore ana yayyafi, na isa Doguwa da azahar.

Gwadabe ya riƙe amana, ba a taɓa dutsen ba, har ya kewaye wurin da ƙaya. Ya ɗauko shebur yana cewa, “Inna, in zinariya ce Malam ya ɓoye a faɗa min tun yanzu, in san rabona.” Na ce ya ajiye shebur, zai yanka. Matarsa ta ce, “Kai dai ba ka da aiki sai surutu, ba ta fartanya.” Da hannu na ƙarasa.

Kin san ruwan Doguwa. Bana katangar bayan ta faɗi a watan Agusta, ruwan da yake bi ta lungu ya koma bi ta gindin ɗinyar. Ƙasar jagab take. Yadin ya zama ja, ina taɓawa yana rabewa. Abin da ke ciki ya dunƙule wuri guda kamar tuwon da ya kwana a ruwa, gara kuma ta yi gida a tsakiya. Gwadabe ya daina wasa. Ya kawo faranti muka ɗora, na zauna a inuwa ina ɓarewa da tsinken tsintsiya har la'asar. Duk wanda na ɗaga sai ya narke a yatsana.

Guntu ɗaya na samu na koren bangon, bai fi babban yatsa ba. Bushira ta ɗauki hotonsa, za ki gani. Akwai lamba uku a jiki, ɗaya da tara da tara, ta huɗun gara ta cinye. A ƙasa akwai wutsiyar Bismillar da ya rubuta. Shi ke nan. Shafin da sunansa yake ban gane shi ba a cikin sauran.

Na sa a sabon yadi na mayar, wannan karon a tudu, wajen rumbu. Guntun na taho da shi, yana cikin jakar carbina. Gwadabe ya kai ni tasha, da zan sauka ya ce, “Inna, ashe takarda ma tana mutuwa.” Na ce tana yi.

Ban sani ba ko lamba uku za su yi miki wani amfani.

Innarki,
Zubaida

*

Ibadan, 21 ga Satumba

Inna,

Wa alaikumus salam. Sannu da jiki, sannu da hanya. Na sa ki wahala kina fama da zazzaɓi, Allah Ya ba da lada. Ni lafiyata ƙalau.

Na ga hoton. Ba zai isa ba yadda yake, amma na yi wani tunani, ki saurare ni har ƙarshe. Mun san maƙalar gaskiya ce, ke kin riƙe ta a hannunki. Babana ya ce yana jin 1998 ne, shekarar da ya auri mahaifiyata. Sunan mujallar na ji shi a bakin Baffa, zan iya kawo shi kusa. Sunan maƙalar ba zai wuce ƙuduji da waken soya da masara a Dangora ba, zan tsara shi da Turanci yadda ake tsarawa. Fitowa ta ɗaya ko ta biyu ce, in sa ta biyu. Shafuka in sa abin da ya yi kama. Layi ɗaya ne a cikin ɗari shida da goma sha biyar. Malamata ba za ta bi su ɗaya ɗaya ba, kuma ba wanda zai iya ƙaryatawa tunda babu wata.

Zan sadaukar da kundin gare shi, wannan dama na yi niyya. Amma shafin sadaukarwa ba mai dubawa sai dangi. Jerin maƙalun shi masu bincike suke kwafa, daga wannan kundi zuwa wancan. In ya shiga sau ɗaya, ya shiga ke nan. In bai shiga nawa ba, ban ga wanda zai ƙara nemansa ba.

Ba ƙarya muke ƙirƙira ba, Inna, cike gurbi ne. Amma ba zan yi ba sai kin ce to. Ki tuna min ko wace shekara ce, in kin iya.

'Yarki,
Rufaida

*

Bebeji, 2 ga Oktoba

'Yata Rufaida,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, Allah Ya sa a gama da sa'a. Jiki ya yi ƙwari, har na fara taya Bushira ɓarar masara. Yaya yana gaishe ki.

Na karanta har ƙarshe yadda kika ce. Ba zan ɓoye miki ba, da na gama sai na ji daɗi. Na yi kwana uku ina son in ce to. Har na zauna ina lissafin shekarar. Na san ta zo bayan rasuwar ƙaramar 'yarmu, don na tuna ban iya taya shi murna yadda ya kamata ba. Amma ko a shekarar ne ko wadda ta biyo, na juya na juya ban iya rantsewa ba. Auren mahaifinki kuma ina ganin kamar muna da ita a gida kafin a yi shi. To kin ga tun a shekara mun rabu biyu.

Kin ce sai kin gani da idonki ake sa abu a jerin. Wato duk layin da kika rubuta, shaida kika bayar cewa kin gani. Wannan ba ki gani ba. Ni na gani, amma ban iya karantawa ba. Kin kuma ce daga kundinki wasu za su kwafa. To wata rana wani ɗan mutane zai tashi neman shafi kaza a fitowa ta biyu, ya bi ɗakunan karatu yadda kika bi, yana neman abin da ni da ke muka tsara a zaune. Kuma da sunan Malam zai neme shi.

Mutumin nan damina huɗu yana tsugunne yana ƙirga ciyawa. Akwai shekarar da shanu suka shiga gonar mutum ɗaya kafin ya ƙirga. Abokan aikinsa suka ce ya dubi na gefe ya sa abin da ya yi kama, ya ƙi, ya bar wurin fari. Ba zan iya sa masa lambar da aka yi kintace ba. Na riga na yi masa ɓarna ɗaya da hannuna, ita ma ina neman gafara.

Don haka kada ki sa. Ki bar lissafinki a ɗari shida da goma sha huɗu. Na san abin da nake faɗa, na san ba wanda zai ƙara nema. Sadaukarwar na gode, Allah Ya kai masa ladan.

Alfarma ɗaya nake roƙo, in ƙa'idarku ta yarda. A wurin da kika yi bayanin kashi na ukun nan, na masu ɗaya ɗaya, ki rubuta cewa lissafin bai cika ba, akwai waɗanda aka buga ba su iso hannunki ba. Wannan gaskiya ce, in malamarki ta tambayi shaida ki ce akwai wata mata a Bebeji. Ba sai kin sa sunan kowa ba.

Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo mana da ke lafiya.

Innarki,
Zubaida